Kwas Ɗin Fiziks na Eric Mazur a Harvard: Malamin da Ya Auna Ajinsa, Ya Rubuta Abin da Ya Gani

A shekarar 1984 Eric Mazur ya fara koyarwa a Jami'ar Harvard da ke Amurka. Ɗan ƙasar Holan ne, a Jami'ar Leiden ya yi digirinsa na uku, aikin bincike kuma ya kawo shi Harvard a ƙarƙashin Nicolaas Bloembergen, wanda ya ci kyautar Nobel a 1981. Cikin abin da aka ɗora masa akwai kwas ɗin fiziks na share fage, wanda yawancin masu ɗaukarsa ba fiziks suka zo karantawa ba. Masu shirin karatun likita ne da na injiniya, dole ce ta kawo su, burinsu su ci su wuce.

Yadda aka koyar da shi haka ya koyar. Ya shirya lakca tsaf, ya cika allo da lissafi, ya yi gwaje-gwaje a gaban aji. Ɗalibai suna cin jarrabawa, kuma a takardar auna malami da suke cikewa ƙarshen zango suna ba shi maki 4.5 cikin 5. Bisa duk ma'aunin da jami'a ke dubawa, kwas ɗin lafiyarsa ƙalau. Ƙorafi guda ne ya taɓa sosa masa rai: da ya fara raba wa ɗalibai rubutacciyar lakcarsa, sai wasu suka rubuta cewa abin da ke cikin takardar shi yake maimaita musu a aji. Ya ce da farko ransa ya ɓaci, daga baya ya ga gaskiya suka faɗa.

Gwajin da ya tona asiri

A 1990 ya ci karo da wasu maƙalu da Ibrahim Halloun da David Hestenes na Jami'ar Jihar Arizona suka buga a 1985 a mujallar American Journal of Physics. Sun tsara tambayoyi kan motsi da ƙarfi cikin kalmomin yau da kullum, ba sai an yi dogon lissafi ba, suka ba ɗalibai kafin fara kwas da kuma bayan an gama. Abin da suka gano shi ne ɗalibi yana shigowa aji da nasa tunanin kan yadda abubuwa ke motsi, tunanin da ya tara tun yana yaro, kuma zango guda na lakca bai cika girgiza shi ba, ko malamin gwani ne ko ba gwani ba. Wannan aiki ne ya haifi gwajin auna fahimtar ƙarfi da motsi da aka fi sani da FCI (Force Concept Inventory), wanda Hestenes da abokan aikinsa biyu suka buga a 1992.

Mazur ya karanta ya ce a ransa ba dai ɗalibansa ba, nan fa Harvard ce. Don ya tabbatar wa kansa, sai ya ba su gwajin. Ba a jima da farawa ba wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Farfesa Mazur, yaya zan amsa waɗannan tambayoyi? Yadda ka koya mana, ko yadda ni nake ganin abin?"

A ganina babu abin da ya kai wannan tambaya nauyi a duk labarin. Yarinyar ba wasa take ba. Tana ɗauke da ilimi biyu a ka, na jarrabawa da na rayuwa, kuma watannin da ta yi a aji ba su sa ɗaya ya taɓa ɗaya ba.

Ga irin tambayar da ta kayar da su. Babbar mota ta yi karo da ƙaramar mota gaba da gaba. A daidai lokacin karon, wacce ta fi bugun 'yar'uwarta da ƙarfi? Dokar Newton ta uku ta ce ƙarfin daidai yake, abin da babbar ta ɗora wa ƙaramar shi ƙaramar ta ɗora wa babbar. Ido kuwa akasin haka yake gaya wa mutum, tunda ƙaramar ce ke yamutsewa. Amma ƙarfi iri ɗaya ya fi wujijjiga abu marar nauyi, daga nan bambancin ɓarnar yake. Ɗaliban sun haddace dokar, suna iya karanto ta ba gargada, sun ma yi amfani da ita a lissafi mai wuya. Da aka kawo ta cikin sifar hatsarin mota, da yawansu suka ce babbar ce ta fi bugu.

Bai tsaya a gwajin wasu ba. A jarrabawar tsakiyar zango a 1991 ya haɗa tambayoyi biyu kan lantarki. Ɗaya irin ta littafi ce, mai batura biyu, wadda sai an jera lissafi kafin a fito da amsa. Ɗayar ba ta da lamba ko ɗaya: ƙwayayen lantarki uku iri ɗaya a jere kan waya guda da batir, ga kuma makunni wanda idan aka rufe shi zai buɗe wa lantarki gajeriyar hanya ta kewaye ƙwai na uku. Me zai faru da hasken kowannensu? Na uku zai mutu, sauran biyun su ƙara haske, batir ya ƙara zubo lantarki. Wanda ya gane abin ba zai yi minti guda ba. Sai ga shi matsakaicin makin aji a tambayar lissafi 6.9 ne cikin 10, a ta ƙwayaye kuwa 4.9. Akwai waɗanda suka cinye ta lissafin kaf suka kuma fāɗi ta ƙwayayen warwas. Nan ya gane cewa shekaru yana ba da maki ga wanda ya iya zaɓo dabarar lissafi ya cusa lambobi, yana ɗauka fahimta yake aunawa.

Yadda aka sāke gina ajin

Mafitar ta zo ne ba shiri. Yana bitar tambayar karon motoci da ɗalibai, ya yi bayani a allo, ya juyo ya ga fuskoki ba alamar ganewa. Ya sāke ta wata hanya, shiru. Da dabara ta ƙare masa sai ya ce kowa ya juya ya tattauna da na kusa da shi. Ɗakin ya kaure da surutu, cikin 'yan mintuna yawancinsu suka kai ga amsar daidai. Bayanin da shi kansa ya bayar mai shiga hankali ne: ɗalibin da ya gane abu yanzu-yanzu yana tune da inda ya yi tuntuɓe, don haka ya san inda ɗan'uwansa ya maƙale. Farfesa kuwa ya daɗe da wuce wurin, har ya manta akwai rami a can.

Daga zangon 1991 ya mayar da wannan tsari, ya raɗa masa suna Peer Instruction, wato ɗalibi ya koyar da ɗan'uwansa. Karatun littafi ya koma gida, kafin a zo aji. A aji malam zai yi gajeren bayani kan batu ɗaya, sannan ya jefa tambaya mai zaɓin amsa, wadda aka gina amsoshinta na kuskure daga ainihin kurakuran da ɗalibai ke yi. Kowa zai yi shiru minti guda ko biyu ya yi tunani shi kaɗai, ya ba da amsarsa. Daga nan a ce nemi wanda amsarsa ta saɓa da taka ka shawo kansa. Malam da mataimakansa su shiga cikin layuka suna saurare. Sai a sāke amsawa, malam ya rufe da bayani. Wannan minti na shiru da amsar farko ba ado ba ne. Idan aka tsallake su, mai baki ne zai ja sauran, wanda bai riga ya tsayar da ra'ayi ba kuma ba shi da abin karewa.

Da tafiya ta yi tafiya suka lura tattaunawar ta fi amfani idan waɗanda suka dace a amsar farko suna tsakanin kashi 35 zuwa 70 cikin 100. In sun gaza haka, masu ganewar sun yi kaɗan, gara malam ya koma ya sāke bayani. In sun haura, tambayar ta yi sauƙi, a wuce gaba.

Abin da ya fi ba su wahala shi ne sa ɗalibai su yi karatun gida. Sun fara da ɗan gwaji a farkon aji, suka ga yana nuna wanda ya buɗe littafi ne kawai, ba ya sa a yi tunani. Suka koma sa ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen abin da ya karanta, shi ma bai gamsar ba. Daga ƙarshe suka tsaya kan tambayoyi uku ta intanet kafin aji, biyu kan wuraren da ke da wuya a karatun, ta ukun kuma tana cewa: me ya ba ka wuya ko ya ruɗa ka, in babu, me ya fi burge ka? Ana ba da maki kan ƙoƙari, ba kan dacewa ba. Daga amsoshin nan malam ke tsara ajin gobe.

Takardar shekara goma

Malamai da yawa sun taɓa cewa ɗalibai su tattauna da juna. Abin da ya bambanta wannan kwas shi ne an ajiye tarihinsa. Kusan kowace shekara ana ba da gwajin FCI a farko da ƙarshe, ana adana amsoshin tambayoyin aji, ana rubuta abin da aka canza. A 1997 Mazur ya fitar da littafin jagora ga malamai, a 2001 kuma shi da Catherine Crouch suka buga rahoton shekara goma a American Journal of Physics.

Ma'aunin da suka yi amfani da shi mai sauƙi ne: cikin giɓin da ɗalibi ya shigo da shi, nawa kwas ya cike? A 1990, shekarar lakca zalla, ajin ya ƙare da kashi 78 a gwajin, alhali ana shigowa da wajen 70. Kusan kwata ɗin giɓin ke nan, 0.25 a lissafinsu. A 1991 aka tashi daga 71 zuwa 85, wato 0.49. Adadin ya ci gaba da hawa shekara bayan shekara har 1997, inda aka tashi daga 67 zuwa 92, wato 0.74. Masu fargabar cewa lissafi zai sha kashi sun sami amsa ta hanyoyi biyu. A wani gwajin mai lissafi a ciki, makin ya tashi daga kashi 66 a 1990 zuwa 79 a 1997. Sannan a 1991 Mazur ya ɗauko jarrabawar ƙarshe da ya taɓa bayarwa a 1985 ya sāke ba da ita yadda take, matsakaicin maki ya tashi daga wajen 63 zuwa 69.

Amma ni abin da ya sa nake girmama rahoton nan yana cikin ƙananan bayanan da ke ƙarƙashin jadawali. Sun faɗa ƙarara cewa a 1990 ba a yi gwajin farko ba, matsakaicin na shekarun 1991 zuwa 1994 suka sa a gurbinsa. Sun faɗi cewa a 1995 an koma sabon zubin gwajin mai tambaya 30. Sun jera sauye-sauyen da aka yi: gyaran tambayoyin aji a 1993 da 1994, sabon rubutun karatu a 1995, sannan a 1996 aka shigo da aikin haɗin gwiwa a ƙananan azuzuwan bita. Mai karatu da kansa zai ga cewa ba za a jingina hawan nan duka ga dabara ɗaya ba, kuma su suka ba shi abin da zai ga hakan. Shekarar farko ta ninka sakamako, gaskiya ne, amma daga 0.49 zuwa 0.74 aikin shekara shida ne na gyara da sāke gyara, kuma ba a iya gyara abin da ba a rubuta ba.

Sun kuma rubuta abin da ba ya daɗin faɗa. A kwas ɗin da aka kawo alƙalumansa a sama, mai lissafi mai zurfi, makin da ɗalibai ke ba Mazur bai sauya ba. Da ya kai tsarin zuwa wani kwas ɗin fiziks daban, mai lissafi mai sauƙi, sai makinsa ya sauko zuwa 3.4, duk da cewa a 1998 ɗaliban sun tashi daga kashi 50 zuwa 83 a gwajin. Wasu sun yi ƙorafin cewa malam ba ya koyar da su, ya bar su su koya wa kansu. Shekaru bayan haka, a 2019, Louis Deslauriers da abokan aikinsa suka gwada wannan a Harvard ɗin: ɗaliban da aka yi wa lakca mai daɗi sun fi jin cewa sun koya, waɗanda aka sa aiki a aji kuma suka fi cin gwaji. Duk shugaban sashen da ke auna malami da jin daɗin ɗalibai kaɗai ya kamata ya san wannan.

Akwai tambayoyi biyu da mai hankali zai yi. Ta farko, ba kwafar amsa kawai ake yi daga mai ƙoƙari ba? A 2009 wasu masu bincike a Jami'ar Colorado suka gwada a ajin ilimin gādon halitta. Bayan tattaunawa, kafin a faɗi amsa, sai su ba da wata tambaya daban mai buƙatar tunani iri ɗaya, kowa ya amsa shi kaɗai. Sakamako ya ƙaru, har a rukunan da babu wanda ya dace a karon farko. Ta biyu, ba don ɗaliban Harvard zaɓaɓɓu ne ba? A 1998 Richard Hake na Jami'ar Indiana ya tattara sakamakon kwasa-kwasai 62 masu ɗalibai 6,542, daga sakandare zuwa jami'a. Azuzuwa 14 na lakca zalla sun cike 0.23 na giɓin, 48 masu sa ɗalibi aiki suka cike 0.48. Hake ya iya wannan ne don malamai da dama sun ajiye alƙaluman azuzuwansu sun aiko masa.

Duk da haka ba tsafi ba ne. Wani bincike na 2011 a azuzuwan ilimin halittu da aka zaɓo ba tare da duba sunan malami ba bai sami alaƙa tsakanin yawan amfani da irin waɗannan dabaru da ƙaruwar fahimta ba. Siffar tsarin tana da sauƙin kwaikwayo. Tambaya mai kyau, wadda ta san inda ɗalibi ke tuntuɓe, ita ce mai wuyar samu.

Inda abin ya shafe mu

Fiziks ɗin da Mazur ya koyar ɗan'uwan PHY 101 ne da dubban yaranmu ke ɗauka a shekarar farko a jami'o'in Nijeriya. A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 na abin da za a koyar ta bar wa jami'o'i 30, kuma kowane kwas an jera masa abin da ake so ɗalibi ya iya idan ya gama. An yi muhawara sosai kan rabon, ƙungiyar ASUU ta soki tsarin. Abin da ban ji ana tambaya da irin wannan zafi ba shi ne: bayan an rubuta abin da ɗalibi zai iya, wa ke dubawa ko ya iya? Takardun da muke ajiyewa na kwas galibi jerin batutuwa ne, da tambayoyin jarrabawa, da takardar maki, domin ranar da masu tantancewa za su zo. Idan malami ya tafi ƙarin karatu ko ya yi ritaya, wanda ya gaje shi handawut yake gāda. Sanin inda ɗalibai ke ruɗewa, wanda aka tara a shekaru, yana tafiya da mai shi.

Tsarin kansa ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna a makarantar zaure. Ɗalibin kirki yakan yi muɗala'a kafin ya je gaban malam, in an tashi kuma ya zauna da abokan karatu su yi bita, wanda ya gane ya warware wa wanda bai gane ba. Kuma ba ya buƙatar na'ura. Nathaniel Lasry ya kwatanta na'urar danna amsa da katin takarda a wata kwaleji a Kanada, ya buga sakamakon a 2008, bai ga bambanci a abin da ɗalibai suka koya ba. Takarda ɗaya da aka naɗe huɗu aka rubuta A, B, C, D ta isa, ko yatsu a ƙirji inda na gefe ba zai gani ba. Aji mai ɗaruruwan mutane, inda na baya ba ya jin malam sosai, shi ya fi buƙatar mintuna biyun nan. Kuma in aka ce su tattauna, da yawa da Hausa za su yi, ko wani harshen da suka fi sakewa a ciki. Ni ban ga aibin hakan ba. Wanda ya iya bayyana wa abokinsa dokar Newton da harshen gida ya fi kusa da rubuta ta daidai da Turanci.

Wuraren da za a sha wuya daban ne. Karatun gida yana buƙatar littafi a hannun kowa, da wuta, da data in ta intanet za a amsa. Zango yakan zo a matse, musamman bayan dogon yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022, malami na tseren gama batutuwa, ga shi tsarin Mazur yana rage yawan abin da ake taɓawa a cikin aji. Jarrabawa ma sai ta canza, domin shi ya sa tambayoyin fahimta a cikin tasa, ya san ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. Sannan asalin gwajin FCI da Turanci yake, yaron da ya fāɗi wata tambaya zai yiwu kalma ce ta kayar da shi ba fiziks ba, sai malami ya zauna da wasu kaɗan ya ji yadda suka fahimci tambayar kafin ya yarda da alƙaluman.

Saboda haka ba zan ce wa abokin aiki ya ɗauko tsarin dungurungum ba. Abin da zan roƙe shi ya fi haka ƙanƙanta. Ya tsara tambayoyi goma marasa lissafi kan ginshiƙan kwas ɗinsa, ya bayar a makon farko ba tare da maki ba, ya sāke bayarwa a makon ƙarshe, kada ya yi amfani da su a darasi a tsakani. Bayan kowace lakca ya rubuta layi uku ko huɗu: me aka yi, ina aka maƙale, wace amsar kuskure ce ta fi yawa. Ƙarshen zango ya haɗa su da shafi biyu na abin da zai canza da dalilinsa, har da abin da ya gwada bai yi ba, ya ba wani malami a sashen ya karanta, ya kuma bar kwafi a ofishin shugaban sashe domin wanda zai karɓi kwas ɗin bayansa.